Tsoka ta Uku

Ƙarfe biyu a Gawon Nama,
rana ta sauko ta zauna bisa kwano,
fanka na juya zafi kamar mai tuƙin tuwo.
Ni ne mai tire. Watana bakwai ke nan
a gidan abincin Hajiya Tumba.

Ranar da ta ɗauke ni ba ta nemi takarda ba,
farcena ta duba.
Ta ce, "Ruwan wankin hannu shi ka riga tuwo zuwa.
Babban yatsanka kar ya san ɗanɗanon miya.
Aje kwano a hankali, ba kaji kake watsa wa tsaba ba.
In mutum ya ɗaga murya, kai sauke taka,
mai yunwa kunnenshi na cikin ciki."

Na riƙe.
Na ga masu cewa gishiri ya yi yawa
bayan sun suɗe kwano har ƙasa.
Na ga direban Illela da ya tauna tsakuwa,
wannan da gaskiyarsa, na sake masa shinkafa,
na tsaya har ya kai loma uku kafin na matsa.

Sai ga Malam Arzika, dillalin fata,
da ƙanshin bagaruwa a riga,
da ɗansa a baya, silifas ɗaure da waya.
Tuwon shinkafa, miyar sure, nama uku,
kwano ɗaya su biyu.
A gabana Jumma ta zuba:
tsoka, tsoka, da guntun haƙarƙari.

Na aje, na tafi ɗauko ruwan sanyi.
Waya ta kira shi, ya juya baya yana ciniki.
A gilashin firji na ga ɗan hannu
ya faɗa miya ya tashi kamar shirwa.
Ko taunawar kirki bai yi ba.

"Kai yaro, taho nan!
Ukku nib biya, biyu nig gani.
Haka kuka cin mutane da rana tsaka?"
Cokula suka tsaya.
Har mai cin farfesu a lungu ya bar ƙashinsa.

Gaskiya ta taso mini har bakin haƙora.
Sai na dubi yaron:
maiƙo a leɓe, ido a kan hannun uba,
hannu mai faɗi da ya saba jan fata.

Na rusuna.
"Malam, a yi haƙuri, yanzu in cika."
Bai isa ba. Ya kira ni ɓarawo,
ya haɗa da garinmu, da wanda ya koya mini ƙirga.
Na bar shi ya zazzage buhun duka,
tukunya in tana tafasa ba a danne mata murfi.

Na kawo tsokar a faranti daban, da tururinta.
Ya juya ta, ya yaga biyu,
ya tura wa yaron ɓangaren da ya fi girma:
"Ci. Kai ma an so a cuce ka."

Nan na tsaya da tire a hannu,
ban san wa na kare ba,
ban san daga me ba.

Bayan isha'i Hajiya na lissafi,
tana lasar yatsa tana juya takardun kuɗi.
"Nama ɗaya ya fita ba kuɗinshi.
Ɗari biyar daga albashinka."
Na ce to.
Ba ta ɗago kai ba ta ce,
"Firjin nan, ni ma ina kallonshi."

Ta cire kuɗinta dai, ba ta rage ko sisi ba.
Sannan ta turo mini ƙanzo da sauran miya,
na sa hannu na ji abu a ƙasa.
Na ƙirga sau biyu, don yanzu ina ƙirgawa.